Tef ɗin Bello Tela da Bijimin Hamidu

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ta Gusau wajen shekarar 1998 ya ce bai san Halliru ba, to ko dai kurma ne, ko kuwa ba ya fita ƙofar gida. Sati uku rak ya yi a Kaduna yana koyon kwamfuta. Ya dawo da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da jaka cike da faifai, da wani suna da ba wanda ya raɗa masa sai bakinsa, wai Injiniya. In ka gaishe shi da Malam Halliru sai ya yi kamar da wani kake, har sai ka gyara.

A shekarar ne wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta samu kyautar kwamfutoci, ta gyara musu ɗaki guda a Gusau da labule da fanka biyu, wasu kuma ta kai ofisoshinta na Tsafe da Bungudu. Abin da ya rage shi ne wanda za a damƙa wa mabuɗin ɗakin. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Isma'ila, mutum ne mai son a ga abin zamani a hannunsa, sai ya yanke hukunci. Za a yi bikin nunin amfanin gona da dabbobi a Gusau da Tsafe da Bungudu, mako bi mako. Wanda ya iya fito da sakamakon gasa a fuskar kwamfuta a garuruwan uku, mabuɗi nasa ne.

Kafin Alhaji ya rufe baki Halliru ya miƙe ya ce ai an gama. Kafin la'asar kuwa ba mai shayin da bai ji cewa Injiniya ya zama shugaban sashen kwamfuta ba. Har igiyar rataya mabuɗi ya saya, ja, ya rataya ta a wuya ba kome a jikinta.

Akwai wata 'yar kawunsa, Mas'uda, wadda ta yi shekara huɗu tana buga takardu a ofishin ƙungiyar, bayan shekara biyu cur da ta yi tana karatun kwamfuta. Ita ma tana son mabuɗin, amma da yake yayanta ne sai ta haƙura ta bar masa. Da ta leƙa manhajar da ya rubuta don fito da sakamakon gasar, sai ta kasa haƙuri.

"Yaya Halliru, injin Gusau daban, na Tsafe daban, na Bungudu daban. Kafin manhaja ta zuba rubutu, ita za ta tambayi injin, harafi nawa ka shiga a faɗinka, layi nawa a tsayinka? Kowane irin inji da hanyar tambayarsa. Mai Windos da tasa, mai DOS da tasa, mai Yuniks da tasa. In inji bai amsa ba, sai ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka zauna lafiya."

Halliru ya zare tabarau ya dube ta sama da ƙasa.

"In tambayi inji? Ni? Ke kin taɓa ganin direba ya tsaya yana tambayar mota hanya? Mu a Kaduna awo muke yi. Ilimi awo ne, Mas'uda. Je ki ci gaba da buga wasiƙunki."

Daga nan sai shagon Bello tela, ya ce a ara masa tef ɗin awo. Bello ya cire shi daga wuya yana kallonsa.

"Injiniya, kaftani za a yi ma kwamfutar?"

"Abin ya fi ƙarfin kanka. Ba ni kawai."

Ga dabarar tasa, don ku ji irin kan da Allah ya ba shi. Ya auna fuskar tsohuwar kwamfutarsa ta gida, wadda ke cin harafi tamanin a faɗi da layi ashirin da biyar a tsaye. Sai ya ce shi ke nan, duk fuskar da ta kai wannan girma haka za ta ci, wadda ta fi ta kuwa za ta ci fiye, daidai da yawan incin da ta fi. Ya hau motar haya ya zaga garuruwan uku da tef a wuya da littafi a hammata. Kuma da yake mutane na taruwa kallo, ba ya tsayawa a gilashi kaɗai. Sai ya auna gefe, ya auna ƙeya, ya auna gindi, ya rufe ido ɗaya, ya yi tsaki, ya rubuta.

Ranar Gusau gasar gyaɗa da auduga aka yi. Dattawa suka cika ofis, saura suka yi cincirindo a taga. Halliru ya yi bisimilla da ƙarfi, ya danna. Rubutu ya fito kuwa, amma a cikin wata 'yar taga a tsakiyar fuskar, don injin mai Windos ne, kuma tagar ba ta kai rabin gilashin da ya auna ba. Sunaye sun fito, garuruwa sun fito, amma gefen dama, inda aka rubuta wa ya zo na nawa, ya shige bayan bango.

"To, wa ya ci?" in ji wani tsoho.

"Baba, kwamfuta tana tunani."

"Mu ma tunanin muka yi tun ɗazu."

Halliru ya leƙa gefen akwatin kamar zai hango sauran rubutun ta can. Ya ɗan bubbuga shi. Ya karkata shi hagu, wai ko rubutun zai gangaro. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Mas'uda ta zo kamar za ta ɗauki takarda, ta danna maɓalli biyu, taga ta buɗe ta cika fuska, sakamako ya bayyana. Aka yi tafi. Halliru ya juyo ya ɗaga hannu biyu.

"Kun gani? Bugun nan da na yi mata, a Kaduna kaɗai ake koyar da shi."

Da a ce mai hankali ne, da ranar ya kwana yana godiya ga Allah da 'yar kawunsa. Ina! Sai ma kansa ya ƙara kumbura.

A Tsafe tsohon inji ne mai DOS, an jona shi da wata ƙatuwar talabijin don jama'a su gani daga nesa. Halliru ya riga ya auna ta, ya ga ta ninka tasa sau ɗaya da rabi. Tamanin da rabinsa, ɗari da ashirin ke nan. Sai ya baje teburinsa gida uku, kowane gida harafi arba'in: sunan mai dabba, garinsu, sannan irin dabbar da ta ci. A sama kuma ya ƙawata da taurari layi biyar, da sunansa a tsakiya.

A mota Mas'uda ta ce masa, "Yaya, talabijin ɗin nan fa manyan harufa aka sa mata don na baya su gani. Girman gilashi ba shi ne yawan harafi ba. Bar ni in tambaye ta."

"Ke da tambaya kamar alƙali! Na auna."

Arba'in kacal talabijin ɗin ke ci. Da ya danna, kowane layi ya karye gida uku, suna a sama, gari a tsakiya, dabba a ƙasa, dabbar wannan ta hau kan sunan wancan. Taurarinsa da sunansa suka haye sama suka ɓace ko ƙyallinsu ba a gani ba. Abin da ya tsaya a saman fuska, da harufa manya kamar na allon tasha, shi ne JAKI MAI ƘARFI, a ƙarƙashinsa kuma MALAM SALISU, tsohon hedimasta, mutumin da rabin garin suka bi ta ƙarƙashin bulalarsa. Can ƙasa kaɗan ga TUNKIYA MAI ƘIBA, ga HAJIYA ASABE a gindinta. Ita kuwa Hajiya akuya ta kawo, kuma baiwar Allah ce da kujera ɗaya ba ta isarta.

Jama'a suka karanta. Sai wani daga baya ya tuntsire, shi ke nan fili ya ɗauka.

Malam Salisu ya taso da sandarsa.

"Wane marar kunya ne ya rubuta wannan?"

"Malam, ba haka ake karantawa ba. Daga ƙasa za ka..."

"Ni za ka koya ma karatu? Shekara talatin da biyar ina koyar da shi! Rago na kawo, rago!"

Hajiya Asabe ba ta tsaya dogon Turanci ba. Ta gyara mayafi ta tako har gaban tebur.

"Kai mai tabarau, mi na yi maka? Na taɓa cin tuwon gidanku? Dube ni da kyau, ni ce tunkiya?"

"Hajiya, laifin talabijin ne. Ba ta yi makaranta ba."

"Kai da ka yi, ga inda ta kai mu!"

Sai da Mas'uda ta zare wayar talabijin, ta karɓi takardar alƙalai ta miƙa wa sanƙira ya karanta da baki, sannan ƙura ta lafa. Alhaji Isma'ila ya ja Halliru bayan rumfa, hularsa a karkace don fushi.

"Saura Bungudu. Ban son tauraro, ban son ado, ban son gida uku. Sunaye kaɗai, wanda ya ci a bisa, na ƙarshe a ƙasa. In anka sake dariya, mabuɗin nan ko a mafarki ba ka ganin shi."

"Ranka ya daɗe, na Bungudu ai a aljihuna yake. Girmansa ɗaya da nawa na gida, ko rabin inci bai bambanta ba."

Wannan karon kam tef bai yi ƙarya ba, girman ɗaya ne. Sai dai na Bungudu wani allo ne mai koren rubutu, jone da doguwar waya zuwa babban inji mai Yuniks a cikin ofis. Mas'uda ce ma ta ɗora masa manhajar a kai ana gobe biki, don shi ko hanyar shiga bai gane ba, ya ce wai kansa ke ciwo. Gasar bijimai ce, ita ce babba a duk bikin, kyautarta sabon keke dal. Bijimi ashirin da huɗu aka kawo. Halliru ya ƙirga, layi ashirin da huɗu, saura ɗaya cikin ashirin da biyar ɗinsa. Ya ga asara ce a bar layi guda fanko. Tunda an hana shi sama, sai ya sauko ƙasa ya rubuta INJINIYA HALLIRU.

"Yaya, cire wannan layin," in ji Mas'uda. "Irin allon nan ba lalle ya ci ashirin da biyar ba. In rubutu ya fi shi tsawo, na sama ne zai tafi. Kalma biyu kawai zan buga ya gaya mana."

Halliru ya kife tafin hannunsa a kan madannai.

"Na gane ki. Sunana ne ya tsone miki ido. Hassada ba kyau, Mas'uda, kuma ga zumunci."

Abin ya yi mata zafi ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki jakarta ta koma gefe ta zauna.

Ranar biki Bungudu ta cika. An fito da allon baranda, janareta na ruri a baya. Makiyaya sun zo da sandunansu daga rugage, manoma sun zo daga Nahuce da kewaye, har 'yan Tsafe sun biyo sahu, don labarin jaki da tunkiya ya riga ya zaga, kowa na son ganin na uku. Cikin masu gasa akwai Hamidu, makiyayi daga wata ruga kusa da Nahuce, da farin bijiminsa mai tozo kamar tulu, wanda tun safe kowa ke nunawa da baki. Akwai kuma shi kansa Alhaji Isma'ila da sansa na turke. Don kada a zarge shi, Alhaji ya rantse a gaban jama'a cewa bai ga takardar alƙalai ba, a fuskar kwamfuta zai gani kamar kowa.

Likitan dabbobi, shugaban alƙalai, ya miƙa wa Halliru takarda. Ya shigar da sunaye yana karkata kai, ya gyara jar igiyarsa, ya danna.

Rubutu ya gudu sama ya tsaya. Idon Halliru bai je ko'ina ba sai ƙasa. Ga shi nan kuwa, kore shar, INJINIYA HALLIRU. Daɗi ya kama shi har ya lumshe ido. Bai buɗe ba sai da ya ji muryar sanƙira ta tsaga fili.

"Na ɗaya, mai keke, Alhaji Isma'ila!"

Halliru ya zabura. Shi da hannunsa ya buga Hamidu a farko, Alhaji na biyu. Ya dubi saman allo, ba Hamidu ba alamarsa.

Alhaji kuwa tuni ya washe baki. Ya ce wallahi bai zata ba, ya tattara babbar riga, ya haye keke, har ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Ba wanda ya yi tafi sai mutum uku, su ma 'yan gidansa ne. Wajen makiyaya aka fara gunaguni, sanduna suka fara bugun ƙasa.

Likitan dabbobi ya matso. "Malam Halliru, ba haka muka rubuta ba."

A nan ne fa ya kamata bawan Allah ya ce an yi kuskure. Amma Halliru ne. Ya gyara tabarau ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Likita, ku da ido kuka duba. Ita kwamfuta sake lissafi ta yi. Ta fi ku sani."

"Ta taɓa ganin bijimin?"

"Ba ta bukata."

Hamidu ya ratso jama'a a hankali, sanda a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba.

"To, mun ji. In ban zo na ɗaya ba, na nawa na zo? A karanta muna duka, mu ji inda anka aje ni."

Sanƙira ya ɗora yatsa a gilashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, na uku, na goma, na ashirin, ba Hamidu. Jama'a na ƙirgawa tare da shi. Na ashirin da biyu. Na ashirin da uku. Ya ja numfashi ya kwarara na ƙarshe kamar yadda ya gan shi.

"Na ashirin da huɗu, kuma na ƙarshe a bijimai, Injiniya Halliru!"

Wayyo! Wata irin dariya ta tashi har shanu suka firgita. Wani ɗan Tsafe ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Hamidu ya dubi Halliru tun daga hula har takalmi, irin duban da ake wa dabba a kasuwar shanu.

"Ashe da kai anka yi gasar? Ai ko alƙalai sun yi adalci. Ba tozo, ba ƙaho, sai kuka."

Amma wajen Alhaji ba abin dariya ba ne. Wani dattijon makiyaya ya nuna shi da sanda ya ce, "An goge sunan talaka an sa na shugaba, ga kuma ɗan koren da anka saka ma da layi guda. Wanga shi ne adalcin ƙungiya?" Alhaji na kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya rasa ta sauka ya rasa ta zama. Mutumin da ya rantse a gaban jama'a! Fuskarsa ta yi jawur.

"Halliru! Ina sunan Hamidu?"

"Ranka ya daɗe, yana ciki. Bari in auna..."

Ya zaro tef daga aljihu, wallahi ya zaro shi, ya manna a gilashi.

"Mas'uda!" in ji Alhaji. "Don girman Allah zo ki fid da ni."

Ta taso ba gaggawa. Ta ce, "Yaya, ɗan matsa." Ta buga kalma biyu, allon ya amsa da lamba biyu, ta juya ta ce wa sanƙira ya karanta.

"Ashirin da huɗu! Tamanin!"

"Layi ashirin da huɗu yake ci, Alhaji," in ji ta. "An ba shi ashirin da biyar. Da na ƙasa ya shigo, sai ya ture na sama waje. Ba wanda ya goge kowa."

Ta share layin ƙarshe, ta sake dannawa. Sai ga HAMIDU ya sauko ya zauna a saman allo, Alhaji a ƙarƙashinsa. Fili ya kaure da sowa. Alhaji ya sauka daga keke da sauri kamar sirdin ya yi zafi, ya tura shi da hannunsa har gaban Hamidu, ya ba shi haƙuri sau uku. Sannan ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi. Halliru, don ƙarfin hali irin nasa, har ya ɗan miƙa wuya. Alhaji ya kama jar igiyar, ya zare ta ta saman hularsa, ya zura mabuɗin a ciki, ya miƙa wa Mas'uda.

A motar komawa Gusau Halliru ya lafe can gefen taga. Sai da aka kusa gari ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, ai dama injin Bungudu tsohon yayi ne, a Kaduna an daina amfani da irinsa. Direba ya ƙara muryar rediyo.

Bayan kwana uku Bello tela ya zo har gida karɓar tef ɗinsa, ya ce a haɗa masa da littafin awon nan. Shugabar sashen kwamfuta ce ta aiko shi. Tana son a ɗinka wa kowane inji rigar rufewa, na Gusau da na Tsafe da na Bungudu, kuma ta ce ba wanda ya san ƙeyarsu da gindinsu kamar yayanta.

"Ban gaya maka ba tun farko?" in ji Bello yana buɗe shafuka. "Kaftani ne."

Da aka gama ɗinki, Halliru aka ba ya kai, don shi ya san hanya. Ya iso ɗakin mai labule da fanka biyu, ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya jira aka ce ya shigo. Mas'uda ta warware riga ɗaya ta zura wa kwamfutar. Ta zauna mata cif, ba ƙari ba ragi. Ta zaga ta duba ta baya, ta ja gefe, ta gyaɗa kai.

"Kai, Yaya, ma sha Allah. Ashe dai ka iya awo."

Ya buɗe baki zai ce a Kaduna, sai ya ji wani daga titi ya ƙwala masa kira da sabon sunan da ya bi shi tun daga Bungudu.

"Ashirin-da-Huɗu! An gama ɗinkin?"

Wannan sunan kam ba shi ya raɗa wa kansa ba, kuma har yau shi ne ya zauna.